Mai Taimako don Allah a Gaban Doka

Taimako don Allah shi ne agajin da mutum ke kai wa wani ba tare da sa ran sakayya daga hannun mutane ba, kuma ba tare da wata yarjejeniya, dangantaka ko aikin albashi sun ɗora masa ba. Misalinsa na kusa shi ne matafiyin da ya tsaya a wurin hatsarin mota ya ɗauki wanda bai taɓa sani ba zuwa asibiti, ko mai kwale-kwalen da ya ciro wanda ruwa ke shirin ci, ko mai gidan da ya ɓoye baƙon da ake farauta. Addinai da al'adu sun haɗu a kan yabon wannan hali. Dokokin ƙasashe kuwa sun rarrabu a kansa ƙwarai: akwai inda aka wajabta shi, akwai inda aka bar shi ga ganin damar mutum, akwai inda ake kare mai yinsa daga ƙara, akwai kuma lokutan da doka ta mayar da shi laifi.

Tushen wahalar shi ne alƙali ba ya ganin zuciya. Abin da ke isa gabansa shi ne jini a jikin riga, rasiɗin kuɗin asibiti, ko baƙo kwance a ɗakin wani. Mai niyyar alheri yana barin waɗannan alamu, haka ma direban da ya kaɗe mutum yake neman rufe laifinsa, haka ma mai safarar mutane don kuɗi. Yadda hukuma ta fassara alamun a kan mutum guda yakan zama darasi ga miliyoyin da suka ji labari, kuma da wannan darasi suke yanke shawarar tsayawa ko wucewa ranar da suka tarar da wani a kwance a gefen hanya.

Wajibi ko ganin dama

Dokar Ingila, da ƙasashen da suka gaje ta, ba ta ɗora wa mutum wajibin ceton wanda ba shi da alaƙa da shi. Uba yana da wajibi a kan ɗansa, mai gadin wurin wanka a kan masu iyo, wanda ya haddasa hatsari a kan wanda ya jefa a ciki. Mai wucewa kawai ba a binsa komai. A 1928 wata kotu a jihar Masacuset ta Amurka ta saurari ƙarar wani mai ba da hayar kwale-kwale wanda ya ba wa mashayi haya, kwale-kwalen ya kife, mutumin ya riƙe gefensa kusan rabin awa yana ihu, mai hayar yana ji bai motsa ba har ruwa ya ci shi. Kotu ta ce babu diyya a kansa. Hujjar wannan ra'ayi daɗaɗɗiya ce. Thomas Macaulay, wanda ya jagoranci tsara kundin laifuka na Indiya a 1837, ya kawo misalin likitan tiyata da ya ƙi tafiya daga Kalkata zuwa Mirat don yi wa wani aiki, alhali shi kaɗai zai iya. A ganinsa, in aka fara hukunta wanda ya ƙi alheri, babu wanda zai iya nuna inda iyaka take, don haka gara doka ta tsaya ga hana cutarwa ta bar sauran ga tarbiyya da addini.

Yawancin ƙasashen nahiyar Turai sun bi wata hanyar. A Faransa, ƙin agaza wa wanda ke cikin hatsari, alhali mutum zai iya ba tare da ya jefa kansa ko wani a hatsari ba, laifi ne da ke jawo ɗaurin da ya kai shekara 5 da tarar yuro 75,000 a ƙarƙashin sashe na 223-6 na kundin laifuka. Asalin dokar ba mai daɗin ji ba ne, domin gwamnatin Vichy ce ta kafa ta a watan Oktoba 1941 lokacin da ake kai wa sojojin mamaya na Jamus hari, amma bayan yaƙi, a 1945, aka gyara ta aka ci gaba da aiki da ita. Ƙasashen da Faransa ta raina, ciki har da Nijar, sun gaji wannan laifi a kundinsu. A Jamus hukuncin ya kai ɗaurin shekara 1 ko tara. A 2016, a birnin Essen, wani dattijo mai shekara sama da 80 ya yanke jiki ya faɗi a zauren na'urar cirar kuɗi ta wani banki. Kyamarar tsaro ta nuna mutane suna tsallake shi su ciri kuɗinsu su fita. Ya rasu bayan kwanaki. A 2017 kotu ta ci uku daga cikinsu tara, ba ta karɓi uzurinsu na cewa sun ɗauka marar gida ne yake barci ba. Abin da doka ta nema daga gare su bai wuce kiran waya ba.

Wasu jihohin Amurka ƙalilan sun ɗauki wannan wajibi a sassauce. A Bamont, tun 1967, tarar ba ta wuce dala 100 ba.

Ko wajabtawar tana ƙara yawan masu ceto, wannan ba a tabbatar ba, kuma binciken da ake da shi ya nuna mutane sun fi yadda ake zato kai ɗauki. Labarin kisan Kitty Genovese a New York a 1964, wanda jarida ta ce mutum 38 sun gani ba wanda ya motsa, ya daɗe yana zama hujjar masu cewa taro yana kashe tausayi, amma daga baya an gano an zuzuta lissafin. A 2019 wasu masana suka bi hotunan kyamarar titi na rigingimu 219 a Amsterdam, Lancaster da Cape Town, suka tarar a tara cikin goma akwai aƙalla mutum ɗaya da ya shiga tsakani. Ke nan masu niyyar taimako ba su yi ƙaranci ba. Abin da ya fi cancantar bincike shi ne abin da ke samun su bayan sun taimaka.

A fiƙihun Malikiyya

Mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ke gudana a ƙasar Hausa tun ƙarnoni, ta tsaya a ɓangaren masu wajabtawa, kuma ta riga dokokin Turai da nisa. Muhtasar na Halil ɗan Ishaƙ, malamin Masar na ƙarni na 14 wanda littafinsa ya zama madogarar alƙalai a Afirka ta Yamma, ya ɗora lamuni a kan wanda ya iya kuɓutar da rai ko dukiya daga halaka ya ƙi. Ya haɗa da wanda ya hana ragowar abinci ko ruwansa ga wanda yunwa ko ƙishirwa ke shirin kashewa, da wanda ya hana zaren da za a ɗinke mummunan rauni da shi. Malaman mazhabar suna ɗaukar bari a irin wannan hali tamkar aikatawa. Suna kuma kafa hujja da abin da aka ruwaito daga Sayyidina Umar, cewa ya sa wasu mutane biyan diyyar matafiyin da ya roƙe su ruwa suka hana shi har ya mutu. Sauran mazhabobi sun yarda wanda ya ƙi ceto ya yi zunubi, saɓaninsu yana kan ko za a ci shi diyya a duniya.

Ɗaya gefen hukuncin shi ne ya fi shafar wannan maƙala. Daga aya ta 91 a Suratut Tauba malamai suka ciro ƙa'idar cewa ba a kama mai kyautatawa da laifin abin da ya lalace a hannunsa. Wanda ya ɗauki tsintuwa don ya adana wa mai ita, ya yi cigiya har shekara, hannunsa hannun amana ne. In ta salwanta ba da sakacinsa ba, ba zai biya ba. Sharaɗin shi ne kada ya wuce iyaka, kada kuma ya yi sakaci, shi ya sa wanda ya yi wa mutum magani alhali bai san aikin ba yake ɗaukar lamunin ɓarnar da ya yi. Fiƙihun ya haɗa abu biyu da dokokin zamani suka daɗe suna rabawa: ya tilasta taimako, ya kuma kare mai taimakon.

Idan taimako ya zo da ɓarna

A Amurka, tun da doka ba ta tilasta kowa ba amma tana iya kama wanda ya taimaka ya yi kuskure, lissafin mai tsoron kotu a fili yake: wucewa ta fi aminci. Likitoci ne suka fara kuka da wannan, kuma a 1959 jihar Kalifoniya ta kafa doka ta farko da ke kare wanda ya kai agajin gaggawa da kyakkyawar niyya. Irin waɗannan dokoki an san su da sunan Basamariyen da Linjilar Luka ta ba da labarinsa a sura ta 10, wanda ya tsaya ya kula da wanda 'yan fashi suka raunata. Yau duk jihohi 50 suna da nau'insu.

Kariyar tana da ramuka. A 2004 wata mata a Kalifoniya ta ja ƙawarta daga motar da ta yi karo, tana cewa ta ji tsoron kada motar ta kama wuta. Ƙawar ta samu shanyewar ƙafafu, ta kai ƙara cewa jan da aka yi mata ne ya lalata lakarta. A watan Disamba 2008, a shari'ar Van Horn da Watson, Kotun Ƙolin jihar, da rinjayen alƙalai 4 a kan 3, ta ce dokar ta kare agajin jinya ne kawai, ciro mutum daga mota kuwa ba jinya ba ne, don haka ƙara za ta ci gaba. Hukuncin ya tayar da ƙura har majalisar jihar ta gyara dokar a 2009 ta haɗa kowane irin agajin gaggawa, ban da wanda aka yi da mummunan sakaci ko ganganci. Bai kamata a manta da wadda ta shanye ba a cikin wannan labari. Duk kariyar da aka ba mai ceto, daga haƙƙin wanda aka ceta ake yankar ta, kuma in babu inshora ko asusun gwamnati, shi zai kwana da asarar.

Shari'ar Nanjing

Babu inda tasirin hukunci guda a kan halin jama'a ya fito fili kamar ƙasar Sin. A watan Nuwamba 2006, a wata tashar bas a birnin Nanjing, wata tsohuwa ta faɗi ta karye a ƙugu. Wani saurayi mai suna Peng Yu, wanda ya sauko daga bas a lokacin, ya ɗaga ta, ya raka ta asibiti, ya kuma ba da yuwan 200. Daga baya ta kai shi ƙara cewa shi ya bangaje ta. Ya musanta, ya ce tausayi ne kawai. A watan Satumba 2007 kotun gundumar Gulou ta umarce shi ya biya kashi 40 cikin 100 na asararta, wato yuwan 45,876.

Adadin kuɗin bai girgiza mutane kamar hujjar alƙalin ba. Ya ce bisa al'adar rayuwa, wanda ba shi da hannu a faɗuwar ba zai raka ta har asibiti ba bayan danginta sun iso, ba zai kuma ba da kuɗi ga wadda bai sani ba. Wato alherin da kansa ya zama shaidar laifi. Jaridu da intanet suka yaɗa maganar ko'ina, aka fara samun rahotannin tsofaffin da suka faɗi a titi mutane suka kewaye su suna kallo, da na waɗanda sai sun nemi shaidu ko sun ɗauki hoto kafin su miƙa hannu. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka: darasin da jama'a suka ɗauka ke nan.

A ranar 13 ga Oktoba 2011, a wata kasuwa a birnin Foshan, motoci biyu suka bi ta kan wata yarinya 'yar shekara 2 mai suna Wang Yue. Kyamara ta nuna mutum 18 sun wuce ta gefenta tana kwance cikin jini. Wadda ta ɗauke ta daga hanya ta nemi uwarta wata dattijuwa ce 'yar jari-bola. Yarinyar ta rasu bayan kwana 8. An ba dattijuwar kyautar kuɗi, sai kuma wasu suka fara cewa neman suna ne ya sa ta yi, abin da ke nuna yadda zargi ya riga ya ci zukata.

A 2012 wani babban jami'in Nanjing ya bayyana cewa Peng Yu ya amsa cewa lalle sun yi karo da tsohuwar, kuma an sasanta a asirce a matakin ɗaukaka ƙara a kan yuwan 10,000. In haka ne, mai yiwuwa sakamakon shari'ar bai kauce wa gaskiya ba. Ɓarnar tana cikin hujjar da aka rubuta, domin ta sanar da al'umma cewa kotu ba ta yarda akwai mai taimako don Allah ba, kuma bayanin da ya zo bayan shekara biyar bai goge wannan ba. Birnin Shenzhen ya kafa doka a 2013 da ta ɗora nauyin kawo hujja a kan mai zargin wanda ya cece shi. A ranar 1 ga Oktoba 2017 sashe na 184 na dokar farar hula ta ƙasa ya fara aiki, wanda ya ce mai kai agajin gaggawa bisa raɗin kansa ba ya ɗaukar diyyar cutar da ta samu wanda aka agaza wa. Daftarin farko ya ware mummunan sakaci, amma majalisa ta cire wannan togiya, abin da ya sa kariyar ta Sin ta fi ta yawancin ƙasashe faɗi. An gwada ta a lardin Liaoning, inda wani mai kantin magani ya karya haƙarƙarin wata tsohuwa wajen danna mata ƙirji don farfaɗo da ita. Ta rayu, ta kai ƙara, kotu ta kori ƙarar a 2019.

Ofishin 'yan sanda da ƙofar asibiti

A ƙasashe da yawa abin da mai taimako ke tsoro bai kai ga kotu ba. Tsoronsa shi ne a tsare shi a caji ofis, a ce sai ya faɗi yadda aka yi, ko asibiti ya ce sai ya ajiye kuɗi, ko a yi ta kiransa shaida shekara da shekaru. Indiya, inda hatsarin mota ke kashe sama da mutum 150,000 a shekara, ta fuskanci wannan kai tsaye. Tun 1989 Kotun Ƙolinta ta ce wajibi ne likita ya fara ceton rai kafin maganar takardun 'yan sanda. Hukumar gyaran dokoki ta ƙasar ta ƙiyasta a 2006 cewa rabin masu mutuwa a hatsari za su rayu da sun samu kulawa a kan lokaci. Gidauniyar SaveLIFE, wadda Piyush Tewari ya kafa bayan wani ɗan'uwansa matashi ya mutu a gefen titi mutane suna kallo, ta yi bincike a 2013 ta tarar kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka tambaya ba za su taimaka ba, kuma mafi yawansu tsoron 'yan sanda da zaryar kotu suka ambata. Ƙarar da gidauniyar ta shigar ta kai ga hukuncin 30 ga Maris 2016, wanda ya ce ba za a tilasta wa mai kawo majinyaci faɗin sunansa ba, ba za a tsare shi ba, ba za a nemi kuɗi a hannunsa ba. A 2019 aka shigar da wannan cikin dokar motoci a sashe na 134A.

Najeriya ta san wannan ciwo. Dokar fashi da makami ta 1984 ta wajabta wa asibiti sanar da 'yan sanda idan an kawo mai raunin harsashi, sai aka juya ta a aikace ta zama sai an kawo rahoton 'yan sanda kafin a taɓa majinyaci, abin da dokar ba ta faɗa ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta haramta ƙin ba da jinyar gaggawa, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6. A watan Disamba 2017 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar wajabta jinyar masu raunin harsashi, wadda ta ce a karɓe su ko da rahoto ko babu, ko da kuɗin ajiya ko babu, asibiti ya sanar da 'yan sanda cikin awa 2 da fara jinya. Ta kuma yi wani tanadi da ba a cika ambata ba: wanda ya kawo majinyacin a mutunta shi, kada a tsananta masa da tambayoyin da ba su da dalili. Har yanzu dai ana jin koken asibitocin da ke mayar da masu rauni, kuma shugabannin 'yan sanda sun sha sake fitar da umarni a kai. Doka irin wannan ba ta aiki sai direban tasi da ɗan acaɓa da ma'aikaciyar jinyar da ke bakin ƙofa da dare sun san da ita, sun kuma ga an yi aiki da ita a kan wani.

Wanda ya ji ciwo wurin ceto

A nan dokokin suna da sauƙin kai. A 1921 alƙali Benjamin Cardozo na New York ya kafa ƙa'idar cewa wanda sakacinsa ya jefa wani a hatsari yana ɗaukar alhakin mai ceton da ya ji rauni, domin zuwan mai ceto abu ne da ya kamata a yi tsammani. Kotunan Ingila sun bi sahu, ciki har da shari'ar 1959 ta wani likita da ya sauka rijiya mai gurɓatacciyar iska don ceton ma'aikata biyu ya mutu a ciki. Jamus ta fi kowa tsari, domin inshorar hatsari ta gwamnati tana ɗaukar jinyar mai ceto kamar wanda ya ji rauni a bakin aiki. Inda babu irin wannan, sai lambar yabo. Asusun da Andrew Carnegie ya kafa a 1904 da dala miliyan 5 ya karrama sama da mutum 10,000, kusan kashi ɗaya cikin biyar bayan sun mutu wurin ceton. A Najeriya, Liman Abdullahi Abubakar na Nghar Yelwa a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ya ɓoye Kiristoci 262 a masallaci da gidansa lokacin harin Yuni 2018, ya tsaya a ƙofa ya ƙi miƙa su. Babu dokar da ta sa shi, babu kuma wadda za ta kula da iyalinsa da an kashe shi. Gwamnatin Amurka ta ba shi lambar 'yancin addini a 2019.

Lokacin da doka ta haramta taimakon

Mafi tsananin hali shi ne inda hukuma ta yarda niyyar mai taimako tsarkakakkiya ce, ta kuma hukunta shi duk da haka. Dokar bayi masu gudu ta Amurka ta 1850 ta tanadi tarar dala 1,000 da ɗaurin wata 6 ga wanda ya ba bawan da ya tsere mafaka. A Suwizalan, bayan gwamnati ta rufe iyaka ga Yahudawan Ostiriya a watan Agusta 1938, kwamandan 'yan sandan St. Gallen, Paul Grüninger, ya riƙa mayar da kwanan watan shigowarsu baya a takardu don su zama kamar sun riga rufewar. Ya ceci ɗaruruwa, wasu ƙiyasin sun kai 3,600. An kore shi a 1939, kotu ta same shi da laifi a 1940, ya rasa fansho, ya mutu cikin talauci a 1972. Sai a 1995 aka soke hukuncin.

A yau wannan rikici ya koma kan baƙin haure. A teku wajibin a bayyane yake: sashe na 98 na yarjejeniyar dokar teku ta 1982 ya wajabta wa kyaftin ceton duk wanda ya tarar cikin hatsari. Yarjejeniyar Palermo ta 2000 ta ce safarar baƙin haure laifi ne idan an yi ta don kuɗi ko wata riba. Amma umarnin Tarayyar Turai na 2002 bai sa sharaɗin riba a taimakon shigowa ba, ya bar wa kowace ƙasa zaɓin ware masu jinƙai ko haɗa su da 'yan fasa-ƙwauri. Daga wannan giɓi shari'o'i suka fito. A 2004 jirgin Cap Anamur ya ceto 'yan Afirka 37, Italiya ta gurfanar da shugabanninsa, sai 2009 aka wanke su. A watan Yuni 2019 kyaftin Carola Rackete ta shigar da jirgin Sea-Watch 3 tashar Lampedusa ba da izini ba, da mutum 40 da suka shafe fiye da mako biyu a teku. An kama ta, alƙaliya ta sake ta cikin kwanaki bisa hujjar cewa wajibin ceto ta cika, kuma a 2021 aka rufe tuhumar.

Shari'ar da ta fi taɓa batun niyya ita ce ta Cédric Herrou, manomin zaitun a kwarin Roya kusa da iyakar Faransa da Italiya, wanda ya ba baƙi kusan 200, yawancinsu 'yan Sudan da Eritriya, abinci da wurin kwana, ya kuma ɗauke su a motarsa. Dokar Faransa, wadda asalinta ya koma 1938, ta tanadi ɗaurin shekara 5 da tarar yuro 30,000, amma tun 2012 ta ware wanda ya taimaka ba don wata sakayya ba. Babu wanda ya ce Herrou ya karɓi ko sisi. Duk da haka a watan Agusta 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta Aix-en-Provence ta yi masa ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka na wata 4, tana cewa aikinsa gwagwarmayar siyasa ce ta adawa da manufar gwamnati, don haka bai shiga cikin waɗanda aka ware ba. Wannan hujja tana da hatsari, domin in an bi ta, duk wanda ya taimaka kuma ya buɗe baki ya ce dokar zalunci ce ya rasa kariya, sai wanda ya taimaka ya yi shiru. A ranar 6 ga Yuli 2018 Majalisar Tsarin Mulki ta Faransa ta yanke cewa 'yan'uwantaka, kalma ta uku a taken jamhuriyar, ƙa'ida ce mai ƙarfin tsarin mulki, kuma daga gare ta ake samun 'yancin taimaka wa wani don jinƙai ba tare da duba takardun zamansa ba. An wanke Herrou a Lyon a 2020, kotun ƙoli ta tabbatar a watan Maris 2021. Hukuncin Majalisar Tsarin Mulkin ya shafi masauki da zirga-zirga a cikin ƙasa ne kawai. Taimaka wa mutum ya ƙetaro iyaka yana nan a matsayin laifi.

Makonni kaɗan kafin hukuncin 6 ga Yuli 2018, a ranar 26 ga Mayu 2018, Mamoudou Gassama, ɗan Mali mai shekara 22 da ya bi ta Nijar da Libiya ya ƙetara teku ba shi da takardun zama, ya hau bene hawa huɗu ta waje a Paris ya ceto yaro ɗan shekara 4 da ke reto a baranda. Bayan kwana biyu Shugaba Macron ya karɓe shi a fada, kafin shekara ta ƙare ya zama ɗan ƙasa. Karramawar ta dace da shi. Sai dai a wannan lokacin ƙasar da ta karrama shi tana gurfanar da waɗanda suka ba irinsa ruwa da wurin kwana a kan hanyarsu ta zuwa.

Yawancin irin waɗannan shari'o'i suna ƙarewa da wankewa, amma bayan shekaru, kuma a tsawon shekarun aikin ceton yana tsaye. Jirgin Iuventa na wata ƙungiyar matasan Jamus ya ceto kimanin mutum 14,000 a Bahar Rum tsakanin 2016 da 2017. Hukumomin Italiya sun kama shi a watan Agusta 2017 bisa zargin haɗa baki da masu safara. A watan Afrilu 2024 kotun Trapani ta kori ƙarar gaba ɗaya, bayan masu gabatar da ƙara da kansu sun nemi a janye ta. Kafin nan jirgin ya shafe kusan shekara 7 a ɗaure a tasha, ya yi tsatsa, an kwashe kayansa, bai sake fita teku ba.